Yadda za ki yi wa Allah biyayya sa'ad da murhu ya yi sanyi

Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi. Na fita da zanen da ke jikina, da 'ya'yana uku, da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya riga ya yage. Muka bi ta duwatsu zuwa Kamaru, daga bisani muka iso Yola, aka ba mu tabarma a harabar wata majami'a. Abin da na koya a can nake so in ba ki, 'yar'uwa, domin na san a cikin zumuntar mata akwai masu kwana da yunwa a yanzu haka.

Fara da faɗa wa Ubangiji gaskiyar abin da ke ranki. Kada ki durƙusa kina jera godiya alhali zuciyarki tana tafasa. Buɗe Zabura 13: sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" a ayoyi biyu na farko, kafin ya kai ga dogara. Karanta ta da asuba, da murya, kafin yara su tashi. Idan kuka ya zo, bar shi ya zo.

Sai ki tsaya kan abin da Allah ya sa a gabanki yau kaɗai. A jeji, manna ta yini guda aka ce Isra'ilawa su tara, waɗanda suka ɓoye ta kwana kuwa ta yi musu tsutsa (Fitowa 16). Tambayi kanki da safe: wace biyayya ce ta yau? Wata rana ɗebo wa tsohuwa ruwa ne. Wata rana riƙe baki ne.

Inda jarrabawa ta fi zafi, a ganina, wurin rabon abinci ne. Ana rubuta sunaye domin raba masara, kowane gida gwargwadon yawan bakunansa. Wata maƙwabciyata ta raɗa mini, "Maman yara, ki ce yaranki shida ne, wa zai ƙirga?" Na tsaya a layi, autana yana jan zanena, bakinsa ya bushe fari fat. Har na buɗe baki da "shida". Da mai rubutu ya ɗago kai ya dube ni, sai na ji na ce uku. Ba zan ce miki buhu ya faɗo daga sama a daren nan ba, domin bai faɗo ba. Kunu muka sha tsararo har kwana huɗu. Amma da na ƙara sunaye uku, daga kwanon wata gwauruwa da ke bayana a layi zan ɗiba. Saboda haka yanke shawara tun kafin ki shiga layi, tun yunwa ba ta fara ba ki shawara ba: ba ƙarya, ba ƙarin suna, ba taɓa kuɗin adashi ko na baiko da aka ba ki ajiya.

Game da waɗanda suka cuce ki, Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Gafara ba ta hana ki kai ƙara wurin hukuma ba, ba kuma ta ce ki koma inda za a kashe ki ba. Abin da ta hana shi ne ki shuka ƙiyayya a zuciyar yaranki, ko ki ɗora laifin masu bindiga a kan maƙwabcinki Musulmi, wanda shi ma da ƙafa ya gudu. Na yi wata biyu ina roƙon Allah ya shirye su, haƙorana a cije, kafin addu'ar ta fara fita da sauƙi.

Kada kuma ki janye daga sujada don kunyar tsohon zane. Nemi mace guda mai tsoron Allah wadda za ki iya gaya wa, "Yau na kusa faɗuwa." Tawa wata dattijuwa ce daga Michika. Kowace Laraba da yamma mukan zauna a gindin dalbejiya, ta riƙe hannuna, ni in karanta mata Habakuk 3:17-18, domin idonta ba ya ganin rubutu.