Shawara ga masu sana'ar kilishi da dambun nama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafin ku zuba kuɗi a buga muku leda dubu-dubu, don Allah ku nemi horo kan tsara mazubin kaya. Ku leƙa ofishin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, na nan Kano ku tambayi shirye-shiryensu.

Jakar takarda mai ruwan ƙasa tana ruɓewa, ba kamar ledar da ke toshe mana kwatami da damina ba. Amma in cikinta ba shafin da zai tare maiƙo, man kilishi zai ɓullo ta jikinta, balle a zafin Afrilu. Ku cika 'yan kaɗan tukuna, ku ajiye a shago mako biyu, ku shinshina. A bar gurbin lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Jarida kuwa a daina naɗe nama da ita, tawadar tana bin maiƙo.