Takardar albashin mai kula da kai: yadda za ka tabbatar kana iya karanta ta

A Ingila, idan ƙaramar hukuma ta ba ka kuɗin kulawa kai tsaye ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014, ka ɗauki mai kula da kai da kanka, to kai ne ubangidan aiki a idon doka. Ko da wani kamfani ne ke lissafa albashin, in an yi kuskure wuyanka za a kama. Shi ya sa bai dace a ce ana turo takardar da kai ba ka iya karantawa saboda lalurar gani ko wata nakasa ba.

Dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta wajabta ba ma'aikaci takardar albashi ranar biya ko kafin ranar. Dole ta nuna kuɗin gaba ɗaya, abin da aka cire, da abin da ya rage a hannu. Tun 6 ga Afrilun 2019, idan albashi yana canzawa da yawan awanni, sai an rubuta awannin. Dokar ba ta ce lallai sai a kan takarda ba, ta intanet ma ta wadatar.

Kafin ka sa hannu da kamfanin lissafin albashi, nemi su turo maka samfurin takarda ɗaya. Buɗe ta a kwamfuta, danna Ctrl da A, kwafe, ka liƙa a manhajar rubutu ta Notepad. In babu abin da ya fito, mai yiwuwa hoto ne kawai aka saka cikin PDF, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutun allo da murya, irin su NVDA ko JAWS, za ta yi shiru ko ta ce shafin babu komai. In rubutu ya fito amma a hargitse, sunayen layuka a jere can sama, alƙaluma a tare can ƙasa, matsalar ta fi ta farko haɗari: manhajar za ta karanto maka “haraji, inshora, fansho” sannan ta zubo lambobi uku, kai kuma ka yi ta cankar wanne ne na wanne. Dalili shi ne ba a yi wa teburin alamomin da ke haɗa kowace lamba da sunan layinta ba. A nan ka nemi a riƙa turo bayanin a Word ko Excel, layi ɗaya abu ɗaya. Ka kuma gwada a waya da manhajar karanta allo ta VoiceOver ko TalkBack, don abin da ya karantu a kwamfuta yakan rikice a waya.

Sai ƙofar shiga shafin intanet na kamfanin, inda ake sauke takardar. Yawancin wahalar a nan take, ba a takardar ba. Akwai lambar sirrin da ake turowa ta saƙo wadda ke mutuwa kafin mai rawar hannu ya gama bugawa, akwai gwajin “zaɓi hotunan da ke da mota” wanda makaho ba shi da ta yi. Wasu kuma sukan kulle PDF ta yadda ba a iya kwafar rubutu, wani lokaci kullen ya hana manhajar karatu aiki. Dokar daidaito ta 2010 ta ɗora wa masu ba da hidima yin gyaran da ya dace saboda masu buƙata ta musamman. Rubuta buƙatarka a imel, ka faɗi takamaimai: manyan haruffa masu girman maki 16 ko 18, ko wata hanyar shiga da ba ta da ƙidayar lokaci. Kiran waya ba ya barin shaida.

Mutane da yawa sukan ce wa mai kula da su, “ɗan karanta min wannan.” In mutum ɗaya ne, tasa ce, ba laifi, sai dai ba shi ya kamata ya tantance kuɗin kansa ba. In su biyu ne ko uku, kada ɗaya ya ga ta ɗan'uwansa. Bayanan sirri ne, kuma nan gaba ƙananan maganganu ke tasowa.

Kowane wata duba awanni da takardar sa hannun aiki, sannan kuɗin awa, wanda mafi ƙarancinsa a doka ya kasance fam 12.21 a Afrilun 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama. Duba lambar haraji: 1257L ce aka fi gani, in ka ga BR ana cire kashi 20 cikin ɗari daga dukkan kuɗin, wanda daidai ne ga wanda wannan ne aikinsa na biyu amma mai yiwuwa kuskure ne in wannan ne kaɗai aikinsa.

Sauke kowace takarda ka adana da suna mai ma'ana, kamar 2025-06-albashi, maimakon dogon jerin lambobin da manhajar za ta yi ta karantowa. Ran da ka sauya kamfani ana iya rufe shafin. Hukumar haraji ta HMRC tana son a ajiye bayanan albashi shekara 3 bayan ƙarshen shekarar haraji, na mafi ƙarancin albashi kuma shekara 6, ƙaramar hukuma ma takan nemi ganinsu lokacin binciken kuɗin da ta ba ka.