Yadda Mai Aikin Fasaha Zai Riƙe Sana'arsa Cikin Rashin Tabbas

Marubuci da mai zane da mawaƙi suna iya kammala aiki mai kyau, amma babu wanda zai iya gaya musu ranar da aikin zai samu karɓuwa, balle abin da zai kawo na kuɗi. Wannan rashin tabbas ba ya gushewa ko bayan mutum ya yi suna, saboda haka abin da ya kamata ka koya shi ne tsara rayuwarka ta yadda fargabar gobe ba za ta hana ka aikin yau ba.

Abin da ya fi nauyi a ganina shi ne kada ka ɗora wa fasaharka ɗawainiyar ciyar da kai tun tana rarrafe. Matasa da yawa suna ganin riƙe wani aikin albashi tamkar gazawa ce, alhali shi ne yake ba mutum damar ƙin karɓar aikin da bai kwanta masa a rai ba. Najib Mahfuz, marubucin Masar da ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1988, ya yi aikin gwamnati daga 1934 har ya yi ritaya a 1971, kuma a cikin waɗannan shekarun ya rubuta littattafan da suka ɗaukaka sunansa. Ka nemi aikin da zai bar maka sauran ƙarfi da natsuwa, ko da albashinsa bai kai na wani ba, domin aikin da yake cinye tunaninka har cikin dare ya karɓi abin da ya fi lokaci tsada.

Daga nan sai ka keɓe lokaci, ka kuma auna kanka da abin da ka yi a cikinsa. Anthony Trollope, marubucin Ingila, wanda ya yi aiki a gidan waya daga 1834 zuwa 1867, yakan zauna da ƙarfe 5:30 na asuba da agogo a gabansa, yana neman kalmomi 250 a kowane kwata na awa, kafin ya tafi ofis. Ba lallai ne ka yi irin nasa ba. Awa ɗaya ta isa, muddin ka ajiye waya a wani ɗaki, ka buɗe littafin aikinka, sannan idan ka tashi ka rubuta kwanan wata da abin da ka gama da inda za ka ci gaba gobe. Yawan masu yabo da amsar kamfanin ɗab'i ba su hannunka, amma wannan layin na kowace rana yana hannunka, kuma shi za ka duba a ranar da zuciya ta ce maka ba ka tsinana komai ba.

Kuɗin fasaha yakan zo a dunƙule sannan ya yi shiru, don haka idan ya shigo ka ajiye shi gefe, ka riƙa biyan kanka adadi ɗaya kowane wata, har ka tara abin da zai riƙe ka wata uku zuwa shida.

Kada ka miƙa aiki ba tare da yarjejeniya a rubuce ba, ko da kuwa da aboki ne. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin mallaka naka ne ba sai ka yi rajista ba, kuma ga rubutun adabi yana wanzuwa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai shi. Ka duba da kyau ko takardar tana cewa ka sayar da haƙƙin gaba ɗaya ne ko izinin amfani kawai ka bayar, na tsawon wane lokaci, kuma yaushe za a biya.

Batun ci gaba ko sauya hanya kuwa, kada ka yanke shi a ranar da aka mayar maka da aiki. Ka sa masa rana, bayan wata shida ko shekara, ka rubuta tun yanzu alamomin da za ka duba: ayyukan da ka kammala, waɗanda suka sake neman ka, da ko ajiyarka tana ƙaruwa ko tana raguwa.