Yadda nake adana hotunan gidanmu

Hoton auren Hajiyarmu guda ɗaya ne tak, baƙi da fari, ya shekara arba'in a ƙasan adakarta a unguwar Gangare da ke Jos, cikin zannuwa. Hotunan sunan 'yata kuwa sun fi ɗari biyu, amma rana ɗaya suka tafi, ranar da aka zare min waya a kasuwar Terminus. Tun daga lokacin na daina ajiye hoto a wuri ɗaya. Na takarda sai na shigar da shi waya, na waya kuma sai na kai an wanke.

Ku fara da tsofaffin. Da hantsi ku shimfiɗa farin zane kusa da taga, inda akwai haske amma rana ba ta dukan wurin. Ku kashe fitilar kyamara, don tana barin farin tabo a fuska, sannan ku riƙe wayar daidai saman hoton, kada ta karkace. Manhajar PhotoScan ta Google tana rage ƙyallin takardar sosai. Wanda ya fi daraja a kai shagon kwamfuta a yi masa sikanin a 600 dpi (ma'aunin kyawun sikanin ke nan), ku tsaya a kansa har a miƙo muku abinku.

In hoto ya manne da ledar albam, kada ku ɓamɓare shi, fuskar ce za ta biyo ledar. Ku ɗauki hotonsa da waya yadda yake. Kada kuma a yi masa laminatin, zafin injin yana cin kala, kuma ba ya ciruwa. Daminar Jos kun san ta, a Agusta har bango gumi yake yi. Albam ya hau saman kabad, nesa da ƙasa da jikin bango, saboda danshi da gara.

Abin da ya fi damuna shi ne sunaye. Na zaunar da Hajiya bayan La'asar, ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, wace ce wannan mai goyon?"

Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe shiru. "Gwaggonku ce, shekarar da suka dawo daga Bukuru. Ke ce a bayan nata."

Da ban tambaya ba, har abada ba zan san ni ce ba. Ku rubuta suna da wuri da shekara a bayan hoton da fensir mai laushi, biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana ɓullowa. Ku kunna rikodin murya yayin da tsohuwa take bayani.

Wajen turawa 'yan uwa ta WhatsApp, ku aika a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya rage masa kyau. Google Photos, inda ake ajiye hotuna a intanet, yana ba da 15GB kyauta, tare da Gmail ake lissafa shi, kuma asusun da ya shekara 2 ba a buɗe ba ana iya goge shi. Lambar sirrina tana rubuce a hannun ƙanwata.

Filashi guda kuma, wato ɗan abin ajiyar fayil da ake sokawa a kwamfuta, na zuba hotunan a ciki na aika wa Yaya a Abuja. Mu mutanen Jos mun san dalili. A rikicin 2001 da na 2008 gidaje sun ƙone da albam ɗinsu a ciki, akwai maƙwabtanmu da ba su da ko hoton mahaifinsu.

Bayan kowace Sallah nakan zaɓi ashirin in kai a wanke. Su ne yara ke ɗaukowa da dare, suna rigimar wa zai riƙe albam ɗin.