Darasi na 6: Turara ƙasar reno kafin a yafa iri

To 'yan uwa, yau maganar ƙasa zamuyi. Duk wanda ya taɓa renon tumatir ko attaruhu a bakin Binuwai nan Garuwa ya san wannan takaicin, ka yafa iri ya fito shar dashi, bayan kwana goma kazo da sassafe ka tarar tsiron ya kwanta, gindinsa yayi baƙi ya sirance kamar an shaƙe shi da zare. Sai mu ce mai shago ya cuce mu. Sau da yawa kuwa iri bashi da laifi, cutar tana cikin ƙasar tun farko: akwai funfuna mai ruɓar da gindin tsiro, akwai wasu tsutsotsi da ido baya gani waɗanda ke sa saiwar tumatir tayi ƙulli-ƙulli, ga kuma 'ya'yan ciyawa.

Maganinsu tururi. Matanmu sun riga mu sanin wannan aikin, domin yadda ake turara dambu a madambaci haka ɗin ne, sai dai tukunyar tafi girma.

Ka samu duro mai lita 200. Dan Allah kar ka ɗauki wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshin auduga a ciki, komai arharsa. Ka jera bulo uku a ƙasansa, ka zuba ruwa kamar taƙi ɗaya, ka ɗora faifan ƙarfe da aka huhhuda a kan bulon yadda ruwa bazai taɓa shi ba, sannan ka shimfiɗa buhun algarara. Ƙasar da zaka zuba ka fara haɗa ta da taki wanda ya ruɓe sosai, ka tankaɗe, ka yayyafa mata ruwa. Ka dunƙula a hannu, in ta kama kuma ruwa bai ɗigo ba to tayi. Kar ka danna ta, tururi hanya yake nema.

Ga dabarar da nafi so. Tunda ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, ka tusa dankalin turawa mai girman ƙwai a tsakiyar ƙasar. Rufe da jiƙaƙƙen buhu da murfi amma ka bar 'yar kafa, in ka toshe gam duron na iya yin bindiga. Hura wuta. Abinda ake nema ƙasar ta kai digiri 70 zuwa 80 ta zauna a haka minti 30, saboda haka sai tururi ya fara fita ta sama zaka fara duba agogo. In dankalin ya nuna, ƙasa ta nuna. Kar kace bari in ƙara awa uku don ta ƙara kyau, asarar itace ce, kuma ƙasar da ta dahu da yawa ita ma tana wahalar da tsiro.

Inda mutane ke ɓata aikin shine bayan an sauke. Na ga wanda ya gama wahalarsa ya juye ƙasar a tsohon kwamin da cutar take, da fartanyar da bai wanke ba. Ka juye a kan leda mai tsabta, ka wanke shebur da kwanuka da ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ka rufe ƙasar ta huta kamar mako ɗaya kafin ka yafa.

Ranar Asabar kowa yazo da ƙasa cikin bokiti ɗaya da ɗan itacensa, duro da dankali suna wuyana.