Darasi Na Tara: Yadda Aka Raba Tsibirin Makwari Da Zomaye Da Ɓeraye

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Tsibirin Makwari yana cikin teku, kimanin kilomita 1,500 kudu maso gabas da jihar Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya. Tsawonsa kilomita 34 ne. Ba gari, ba gona, sai sanyi da iska da tsuntsayen teku masu yawan gaske da ke zuwa yin ƙwai.

Asali babu ɓera ko zomo ko mage a wurin. Mutane ne suka kai su. Ɓeraye sun bi jiragen ruwan masu farautar dabbobin teku. Maguna ma a jirgi suka zo. Zomaye kuwa da gangan aka sake su, wajen 1878, don a riƙa samun nama. Tsuntsayen tsibirin ba su san maƙiyi irin wannan ba. A ƙasa suke sheƙa, wasu a rami, don haka ƙwai da 'yan tsaki suka zama abinci a ɓagas.

Hukuma ta fara da maguna, kuma zuwa shekarar 2000 an gama da su. To, a nan ne gizo ya yi saƙa. Magunan nan su ne ke rage zomaye. Ga shi kuma cutar da aka sakar wa zomayen tun 1978 ta fara rasa ƙarfi. Sai zomaye suka hayayyafa har suka haura 100,000. Suka cinye ciyawa, suka haƙe gangaren tuddai. Ƙasar da ba saiwa ba ta riƙe kanta, shi ya sa a 2006 wani gangare ya zaftaro kan tsuntsayen fengwin ya kashe da dama. Wanda ya cire ɓarna ɗaya ya bar biyu, ya buɗe musu fili ne kawai.

Aikin ya fi ƙarfin masu gadin tsibirin. Gwamnatin tarayya da ta jihar Tasmaniya sun ɗan ja lokaci suna musu kan wa zai biya, zomaye kuwa ba su jira su ba. A 2007 suka amince su raba kuɗin biyu, jimla dalar Ostireliya miliyan 24.6. Wannan karon aka ce a haɗa zomaye da ɓeraye manya da ƙanana a gama da su gaba ɗaya.

An zaɓi lokacin hunturu, saboda abinci yana ƙaranci, yunwa za ta sa su ci guba, yawancin tsuntsaye kuma sun yi ƙaura. A 2010 mummunan yanayi ya hana jirage masu saukar ungulu tashi, aka dakata. A 2011 aka koma. Sai da aka fara sakin wata cuta ta rage zomayen, sannan jirage suka watsa guba a duk faɗin tsibirin. An yi asara: wasu tsuntsaye sun ci mushen da guba ta kashe, su ma suka mutu. Don haka ma'aikata suka bi suna tsince mushe suna binnewa.

Bayan jirage sai mafarauta da karnuka masu horo. Zomaye 13 kacal suka samu da suka tsira, amma sun ci gaba da zagaye tsibirin a ƙafa fiye da shekara biyu, don zomanya ɗaya mai ciki ta isa ta mai da aiki baya. A watan Afrilu na 2014 aka sanar cewa tsibirin ya tsarkaka. Yanzu duk kayan da za a kai can sai an bincike su tun kafin a loda a jirgi.

Aikin aji

Karanta sakin layi na uku da babbar murya. Me ya sa zomaye suka ƙaru bayan an kashe maguna?

Gwamnati biyu sun raba miliyan 24.6 daidai wa daida. Nawa kowacce ta biya?

Daga 2007 zuwa 2014 shekara nawa ke nan?

Rubuta jimla biyu kan dalilin binne mushen da guba ta kashe.