Yadda Za Ka Bi Sawun Tarihin Crass Ta Jikin Faifansu

Na daɗe ina bibiyar mawaƙan pank (wani salon kiɗan Turawa mai hayaniya da tawaye) masu aƙidar anakizim, wato masu cewa mutane za su iya tafiyar da rayuwarsu ba tare da hukuma a kansu ba. Abin da na lura shi ne, hanyar da ake bi a haɗa tarihin sauran mawaƙa ba ta kai mutum ko'ina a kansu. Sauran suna barin sawu a talabijin da manyan mujallu da hotunan fuskokinsu, su kuwa waɗannan da gangan suka riƙa kauce wa duk wannan. Abin da ya rage maka shi ne faifan kansa, da kwalinsa, da ƙananan rubuce-rubucen da ke jikinsa. Zan nuna maka da Crass, ƙungiyar Ingila da na fi sani, wadda ta share fage ga masu kiɗa mai zafi da sauri irin su Conflict.

Ka fara da gidan kafin ka saurari ko waƙa ɗaya. Sunansa Dial House, tsohon gidan gona ne kusa da Epping a yankin Essex. Tun ƙarshen shekarun 1960 Penny Rimbaud ya mai da shi gidan kowa, ƙofa a buɗe. A nan ne a 1977 shi da wani matashi, Steve Ignorant, suka fara, ɗaya na ganga ɗaya na waƙa, sauran suka shigo daga baya. Idan ka tsallake gidan nan ba za ka gane yadda suka iya sayar da faifai da araha ba. Tare suke zaune, tukunya ɗaya, suna noma kayan lambunsu, buƙatunsu kaɗan ne.

Sai ka samu littafin rubutu, ka ja layi uku: shekara, faifai, da abin da ke faruwa a Birtaniya a lokacin. Ba sai ka mallaki faifan ba, masu tara su sun ɗora hotunan kwalayen gaba da baya a intanet. Ka nemi hoton bugun farko, wanda rubutunsa ke karantuwa.

Abin da na fi so a duk aikin nan shi ne lambar faifai. Duba gefen kwali za ka ga lamba kamar 521984 a jikin Stations of the Crass na 1979. Ba lambar banza ba ce. Biyar ɗin farko shekarun da suka rage ne, biyun da ke biye sautinta ɗaya da kalmar Turanci mai nufin “zuwa”, sai 1984. Wato saura shekara biyar a kai 1984, shekarar da suka ce za su watse. Na 1980 suna ɗauke da 421984, na 1981 kuma 321984, haka har 121984 a 1983. Ranar da na fahimci wannan sai da tsigar jikina ta tashi, domin mutanen nan sun rubuta wa kansu wa'adi tun da wuri, kuma sun cika shi. Amma akwai tarko ɗaya. Faifansu na farko, The Feeding of the 5000, ya fito a 1978 a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani, Small Wonder. Da suka sake buga shi da kansu daga baya, sai suka ba shi 621984, lambar da ke nuni da shekararsa ta asali. Kar ka ɗauka a 1978 aka yi wannan bugu na biyun.

Wannan faifan na farko ka saurare shi a bugu biyun. A na Small Wonder za ka ji shiru na kimanin minti biyu a farko. Ma'aikatan masana'antar buga faifai ne suka ƙi taɓa waƙar buɗewa, suna ganin saɓo ce ga addinin Kirista, sai ƙungiyar ta bar gurbin ba sauti. Wannan na cikin dalilan da suka sa suka kafa nasu kamfanin, Crass Records, don kada wani ya sake yanke musu abin da za su faɗa. A bugu na biyu waƙar ta dawo wurinta.

Daga nan ka nemi farashi. Suna buga gargaɗi a kwali cewa kada mai saye ya biya fiye da kaza, don mai shago ya rasa yadda zai ƙara riba. Ka rubuta kowane farashi, sannan ka bi inda kuɗin ya tafi. Misali, faifan da suka yi tare da wata ƙungiyar mawaƙa, Poison Girls, a 1980, kuɗinsa ya tafi wajen buɗe wata cibiyar 'yan anakizim a Wapping, gabashin Landan. Kwalayen kansu ana warware su su zama babbar fosta baƙi da fari, aikin hannun Gee Vaucher, mai zanen ƙungiyar. Ka karanta duk ƙananan rubutun, don sau da yawa dogon bayanin da ke ciki ya fi waƙar fayyace matsayinsu.

Layi na uku na littafinka ne zai ba komai ma'ana. Margaret Thatcher ta zama Firaministar Birtaniya a 1979. A 1982 aka yi yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Birtaniya da Ajantina, sojojin Birtaniya 255 da na Ajantina 649 suka mutu. Crass suka fitar da faifai da ke ɗora wa Thatcher alhakin jinin, har wani ɗan majalisa na jam'iyyarta, Tim Eggar, ya nemi a gurfanar da su, amma maganar ba ta kai kotu ba. Ka saurari abin da suka yi bayan yaƙin ka kwatanta da na kafinsa, za ka ji haushi ya rinjayi komai, kuma aƙidarsu ta ƙin tashin hankali ta fara yi wa wasunsu nauyi.

Akwai labarin kaset ɗin bogi, kuma shi ne zai koya maka taka-tsantsan da jaridun lokacin. Sun yanyanka jawaban Thatcher da na shugaban Amurka na lokacin, Ronald Reagan, suka harhaɗa kamar hirar tarho ce tsakaninsu, suka aika wa 'yan jarida ba suna. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta yi zargin aikin hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ce, KGB, wasu jaridu kuma suka buga haka. Sai a Janairun 1984 jaridar Observer ta gano Crass ne. Saboda haka duk labarin jarida da ka samu, duba kwanan watansa, ka nemi abin da aka rubuta bayansa.

Hirarrakin 'yan ƙungiyar na baya-bayan nan ka ajiye su sai ƙarshe. Suna da amfani, amma kowa da yadda yake tunawa, kuma sun yi saɓani a fili lokacin da aka sake fitar da tsofaffin faifansu wajajen 2010. Inda bakinsu ya bambanta, ni nakan rubuta duka biyun da sunan mai maganar, sannan in koma ga ƙananan mujallun da masoya suka riƙa bugawa da hannu a shekarun, don a can aka yi hira da su tun abin yana da ɗumi.

Layin ƙarshe a littafinka zai zama Yulin 1984, garin Aberdare a Wales, wasan tara kuɗi don masu haƙar kwal da ke yajin aiki. Bayan wannan wasa mai kaɗa jita Andy Palmer ya ce zai tafi, ƙungiyar ba ta sake hawa dandali ba. Ka bar fili kaɗan a ƙasan shafin, don Rimbaud da Vaucher sun ci gaba da zama a Dial House shekaru da dama bayan haka, kuma ayyukan da suka fito daga gidan suna buƙatar nasu layin.